Fasfon Aro

Yayana ya tafi Makka da fasfon aro, kamar yadda ake aron babbar riga a je ɗaurin aure. A gidanmu ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan laifi, balle a ɓoye shi. Labari ne da ake bayarwa bayan an ci tuwo, kuma shi da kansa ya fi kowa iya ba da shi.

A Tsibiri aka haife shi, a ɗakin Inna, ba wanda ya yanka masa takardar haihuwa. Da ya tasa ya zama direba, ya tara ɗan abin da ya tara, sai zuciyarsa ta ƙwallafa kan umarar azumi. Ba takarda, ba fasfo, ga azumi ya matso. To muna da taubashi a Jiratawa, ɗan kawunmu, manomin albasa da zogale, wanda bai taɓa wuce Maraɗi ba sai sau ɗaya da ya raka gawa. Shi yana da fasfo. An taɓa yi wa manoman rani alkawarin za a kai su ƙasar waje su ga yadda ake ban ruwa, aka yi musu fasfo, tafiyar ta sha ruwa, nasa ya kwanta a ƙasan kwallar matarsa. Hoton da ke ciki baƙi da fari ne, ya dushe. Abin da ake gani hula ce, da kunnuwa, da zanen Gobirawa a kumatu. Rabin mazan danginmu za su iya shiga jirgi da wannan hoton.

Yaya ya ara, ya tafi. Umara ta ƙare, ya ce ai wauta ce mutum ya zo har nan ya koma bai tsaya hajji ba. Hajji ya ƙare, ya ga ana neman mai tuƙa motar ruwa, ya ce bari ya ɗan taɓa. Yana ɗan taɓawa har aka yi wani hajjin, aka sake wani. Ranar da ƴan sanda suka tare shi suka zuba shi cikin jirgi tare da sauran waɗanda bizarsu ta mutu, bai ɗauki abin kora ba. Har gobe cewa yake yi sarkin ƙasar ne ya biya masa kuɗin jirgi. Ya sauka da haƙorin Makka guda a baki, da Larabcin tasha, da sunan Alhaji. Fasfo kuwa ya maida wa mai shi, da wani jan hatimi ɓaro-ɓaro a shafin tsakiya, ya haɗa masa da dabino da tazbaha.

Tun ranar kowa a unguwar Sabon Gari ta Maraɗi yake ce masa Alhaji, ban da mutum ɗaya. Taubashinmu ɗan namiji ne, mu ƴaƴan mace, don haka a wasan taubasai shi ne ubangida, Yaya bawansa. Ya ce bawa da abin da ya mallaka duk na ubangidansa ne, har hajjinsa. In suka haɗu wurin suna ko jana'iza, tun daga nesa zai ɗaga murya: “Bawana, ina gajiyar ɗawahin da kay yi mani? Ni anka rubuta ƙohwar Makka, kai ɗan aike na.” Yaya ya ce, “Alhajin kwalla, an gaishe ka.” A yi dariya a watse. Sama da shekara ashirin suna wannan, ban taɓa jin sun gaji ba. Ni na gaji.

Sai zamani ya juya. Boda ta dinga rufewa tana buɗewa, kaya suka daina tafiya, babbar motar da Yaya yake ja zuwa Katsina mai ita ya sayar. Mutum mai iyali cike da gida ya koma zaman benci a tasha, yana ba yara ƴan kamasho labarin Jidda. Na san gidan ya fara kwana da dafa-duka ba mai, don matarsa ta daina yi mini tayin abinci in na je. Ana haka aka ce wani kamfani daga can ƙasar da aka koro shi yana ɗaukar direbobin manyan motoci, da takardar aiki ta halak, ta hannun wani mai azans, wato ofishin shirya tafiya, a cikin gari. Yaya yanzu yana da fasfonsa na kansa, sabo fil, ko ƙura bai taɓa gani ba. Ya zo gidana a unguwar Zariya, nan Maraɗi, ya ce in raka shi, tunda ni ce malamar lakwal, makarantar boko, ni ke jin Faransanci.

Mai azans ɗin wani matashi ne mai matsattsen kwat da waya uku, kowacce tana kuka a lokacinta. Ya duba permin tuƙi, ya duba fasfo, ya ce dosiye, wato takardun duka, ya yi kyau. Saura abu ɗaya: wakilin kamfanin zai zo da kansa, zai ɗauki zanen yatsun kowa, kuma zai tambayi kowa baki da baki ko ya taɓa shiga ƙasarsu, ko ya taɓa wuce wa'adin biza. Kafin in buɗe baki Yaya ya gyara zama, ya fara labarin tun daga kwalla. Na taka masa ƙafa, ya janye ƙafar ya ci gaba. Yaron nan ya saurara har wurin jirgin sarki, sannan ya kife wayoyinsa duka uku a kan tebur.

Ya ce, “Baba, wanga labari ban ji shi ba. Madam, ke ma ba ki ji ba. In an tambaye ka, a'a za ka ce. Ba ka taɓa zuwa ba.”

Yaya ya ce, “To hajjina hwa?”

“Ba ka yi ba.”

“Uku nay yi!”

“Ko ɗaya ba ka yi ba, Baba. Fasfo naka bai san hanyar Yamai ba ma.”

Yaya ya ce amma ranar da aka koro su an dangwala musu yatsu goma a tawada. Yaron ya ce takardun wancan zamani gara ta cinye su, wa zai tona. Sai dai kuma ya ƙara da cewa in har ba ta cinye ba, aka kama shi da ƙarya a filin jirgi, to jirgin da ya kai shi shi zai maido shi, kuma wannan karon ba sarkin da zai biya. In kuma ya faɗi gaskiya, wataƙila a ce an yafe tunda an daɗe, wataƙila a rufe masa ƙofa. Shi dai shawararsa a'a. Ya kafa masa sharuɗɗa: ya rufe baki kada a ga haƙori, ya manta Larabci, kuma ya daina amsa sunan Alhaji har sai ya sauka can.

Abin da ya biyo baya, in ba don da idona na gani ba, da na ce ƙarya ne. Wani a tasha ya ce wa Yaya zanen yatsa gogewa yake yi in mutum yana yawan wanke-wanke. Sai ga Alhaji guda, mai furfura a gemu, tsugune a tsakar gida yana dirzar tukunyar tuwo da toka. Matarsa ta zauna kan kujera ƴar tsuguno tana miƙo masa kwanuka, har na maƙwabta ta karɓo. Ta ce mini tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin daɗin aure irin na watan nan ba. Tukwane suka yi ƙyalli, yatsu kuwa suna nan da zanensu, sai ma fitowa da suka ƙara yi don sun yi tsabta.

Ya je Tsibiri wurin wata tsohuwa ƴar bori, ƙawar Inna tun suna ƴan mata, wai ta sa a rufe idon na'urar ɗaukar yatsu. Tsohuwar ta saurare shi tana tauna goro. Ta ce mutanenta suna shiga rijiya, suna shiga kuka, suna shiga cikin mutum, amma ba ta taɓa jin wanda ya shiga ordinata, wato kwamfuta, ba, kuma ba za ta tura su inda za a tambaye su takarda ba. Ta karɓi goronsa ta sallame shi.

Ni kuma aka ba ni aikin horo. Kullum da la'asar in na taso daga lakwal zai zo Zariya, in zauna bayan teburin da nake gyaran takardun yara, in zama Balarabe. In ce, “Ka taɓa zuwa ƙasarmu?” Ya tsuke baki kamar mai kurkure, ya ce, “A'a.” In ce, “Madalla. Ina ruwan Jidda, yana da gishiri?” Ya ce, “Kai, ba ya shawuwa!” Mu koma farko. In ya tashi tafiya in bari ya kai zaure in ce, “Alhaji!” Ya juyo da sauri: “Na'am?” Na yi shekaru ina koyar da yara masu taurin kai, ban taɓa samun ɗalibi irinsa ba. Amma a hankali ya koya. Har ta kai in kira shi sau uku yana tafiya ƙyam, wuyansa a sandare. Ranar da ya fara yin haka na yi tafi, na shiga ɗaki kuma na ji raina ya ɓaci, ban san dalili ba.

Ana saura ƴan kwanaki wakili ya zo muka je Tsibiri gaida Inna. Muna zaune ƙarƙashin rumfar kara sai ga taubashi a kan babur, da damin zogale ɗaure a baya. Ya gaida Inna, ya ce da Yaya, “Bawana, tashi ka sauke kaya.” Aka yi dariya. Ya zauna ya sha ruwa, sannan ya ce yana da labari: ƴaƴansa sun haɗa kai sun biya masa kujerar hajjin bana. Inna ta rangaɗa guɗa da ƴar muryarta. Ya bari ta gama, ya ce to amma da sauran magana. Da ya je yin sabon fasfo ya kai tsohon, masu shirya tafiyar alhazai suka ga jan hatimin nan, suka ce sunansa na iya kasancewa cikin waɗanda aka hana shiga. Ya ce musu shi bai taɓa zuwa ko'ina ba, suka ce ga hatimi.

Ya faɗe shi yana dariya. “Kun gani? Wai an koro ni daga Makka, ni da ko Dogon Dutsi ban sani ba. Ashe ni babban mai laihi na, ina can ina ban ruwa ban sani ba.” Kowa ya ƙyalƙyale, har Yaya. Ni ina kusa da taubashi, na ga yadda yake murza hularsa a gwiwa har zaren ya fara fita. Nan na gane wani abu da ban taɓa lura da shi ba a wasan nan nasu. Mutumin nan yana iya zagin Yaya a gaban surukansa, yana iya cire masa hula a kasuwa, al'ada ta ba shi. Abu ɗaya ne ba shi da hanyar yi: ya dube shi ya roƙe shi da gaske. Duk abin da ya fito daga bakinsa zuwa kunnen Yaya wasa ne, ko yana so ko ba ya so. Ya gama dariyarsa, ya hau babur ya koma Jiratawa, bai roƙi komai ba.

Inna ba ta da yawan magana. Tana tsinke zogalen cikin tire, ba ta ɗago ba, ta ce, “Abin aro, yadda anka ɗauko shi haka aka maida shi.” Yaya ya ce ai ya maida tun tuni, har da dabino. Ta ce, “Awo.” 

A hanyar komawa na yi masa magana, kuma ba zan ɓoye abin da na ce ba. Na ce ya rufe bakinsa. Na ce taubashi yana da gona, yana da ƴaƴan da suka kawo ƙarfi, in bai je bana ba zai je baɗi, shi kuwa gidansa ba mai a miya. Na ce ba mu da tabbacin gaskiyarsa za ta wanke wani, amma muna da tabbacin za ta iya cinye masa aiki. Har yau ina ganin lissafina daidai ne. Ya ce, “To, malama.” 

Ranar ganawa na riga shi zuwa azans. Direbobi cike da baranda, kowa ya sha wanka. Can sai ga Yaya, ga taubashi a bayansa, sun sa riguna iri ɗaya na wani bikin dangi, hula iri ɗaya, ga zane iri ɗaya. Mai azans ya gan su, ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Ya ce mutum ɗaya ake shiga. Yaya ya ce, “Ai mutum guda na.” Suka shige, na bi su.

Wakilin wani Balarabe ne mai jiki, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, fanka tana kaɗa masa iska mai zafi. Da gani ya gaji da jin a'a tun safe. Ya yi tambayarsa ba tare da ya ɗago ba, tafinta ya juya ta. Mai azans ya yi wuf ya ce, “Bai taɓa zuwa ba.” Sai Yaya ya wangale baki, haƙorin nan ya haska, Larabcin da muka sha wahalar binnewa ya ɓalle kamar an fasa randa. Balaraben ya ɗago.

Abin da Yaya ya ce, yadda tafinta ya maimaita mana, shi ne: ya shiga, ya wuce wa'adi da shekaru, an koro shi. Amma ba shi ba ne, wannan ne. Ya nuna taubashi.

Taubashi ya ce, “Ni na, amma ban tahi ba.”

Balaraben ya ce to wa aka kora? Yaya ya ce, “Ni.” Wa aka rubuta? Taubashi ya ce, “Ni.” Wa ke neman aiki? “Ni,” in ji Yaya. To shi wannan me yake nema? Taubashi ya ce shi ba ya neman komai, ya zo ne ya ga bawansa yana faɗin gaskiya, don bai taɓa gani ba. Tafinta ya tsaya, ya ce shi ba zai juya kalmar bawa ba, kada a ƙara wata fitinar kan wadda ake ciki. Aka fito da tsohon fasfo. Balaraben ya dubi hoton, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dubi tafinta ma, wanda shi ma Bagobiri ne. Sai ya fara dariya. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, aka ba shi ruwa. Mai azans yana jingine da bango, wayoyinsa suna ta kuka bai ɗauka ba.

Da dariyar ta lafa, mutumin ya goge ido ya yi magana a hankali. Ya ce shi ba hukuma ba ne, amma dole ya kai maganar yadda take, kuma amsar da za ta dawo ba lalle ta yi daɗi ba. Ya ce har yanzu bai rubuta komai ba. Ya ajiye alƙalami ya dubi Yaya, ya jira. Na rantse ƙofar janye maganar ya buɗe masa, kowa a ɗakin ya gane. Na dubi Yaya ina roƙonsa da ido.

Yaya ya ce, “A rubuta. Kuma a rubuta wanga bai taɓa taka ƙasarku ba. Yatsuna na, ga su.” Ya shimfiɗa su kan tebur, fes da su saboda wanke-wanke.

Ni aka sa na rubuta bayanin da Faransanci, tafinta ya yi na Larabci. Aka ɗauki yatsun Yaya, aka ɗauki na taubashi, na'urar ta yi ta ƙin karɓar nasa don kaushin fartanya. Wakilin ya buga hatimi, ya ba taubashi kwafi ya kai wa masu shirya tafiyarsu. Cikin haushi na rubuta. Haushin Yaya nake ji, da na taubashi, da na kwalla, da na wanda ya fara cewa a kai manoma kallon ban ruwa.

Amsa ta zo bayan ƴan makonni, gajeriya: ba a ba shi ba. Abokan layinsa suka tafi, wasu har sun fara aiko hotuna tsaye gaban manyan motoci. Yaya ya samu wata tsohuwar ƙaramar mota yana jigila tsakanin Maraɗi da Tsibiri, mutane a ciki, buhunan hatsi a sama, ƙofar sai an ɗaure ta da igiya. Bizar taubashi kuwa ta fito tare da ta kowa. Ko takardarmu ce ta yi aiki, ko dama ba wanda ya tuna da sunansa a can, Allah kaɗai ya sani. Mai azans ya tare ni a kasuwa ya ce, “Madam, wallahi ba wanda zai duba, banza ya yi asara.” Na ce masa ya matsa mini in wuce tun ina ganin girman kwat ɗinsa.

Da safe muka raka taubashi tashar motar Yamai, don a can Yamai za su hau jirgi. Yaya ne ya ɗauko shi tun daga Jiratawa a motar igiya. Wurin ya cika da maniyyata da masu rakiya, ana ta koke-koke da addu'a. Yaya ya ciro wani ƙunshi daga ƙarƙashin kujera ya miƙa masa: haraminsa ne na da, fararen zannuwan nan biyu, sun ɗan yi ja don ajiya. Ya ce, “Aro na ba ka. Ka maido shi yadda ka ɗauke shi.” Taubashi ya karɓa. Na jira baƙar magana, ba ta zo ba. Ya shiga mota ya zauna gefen taga.

Mota ta tashi, muka juya za mu tafi. Sai muka ji muryar taubashi daga taga, da ƙarfi:

“Alhaji!”

Rabin mazan tashar suka waiwaya. Yaya kaɗai ya ci gaba da tafiya ƙyam, wuyansa a sandare, yadda na koya masa. Na kama hannun rigarsa na ce, “Yaya, da kai ake.” Ya tsaya. Kafin ya juyo motar ta kai bakin ƙofa, hannu kawai muke gani yana ɗagawa. Ya ce, “Na'am,” a hankali, ba mai ji sai ni. Sannan ya goge fuska da hularsa, ya ce in zo mu tafi, fasinjan Tsibiri suna jira.